Daga Rumbun Fir'auna Zuwa Tozon Tiya: Ina Aka Samo "Kashi Ɗaya Cikin Uku"?

Mai karatu, idan ka yi ƙaramar sakandare, da wuya a ce ba ka ci karo da wasu ƙa'idoji biyu ba. Ta farko: in kana son sanin abin da silinda ke ci, wato abu mai siffar gwangwani ko duro, sai ka nemo girman filin gindinsa ka ninka da tsayinsa. Ta biyu: in abin mai siffar mazurari ne, faffaɗan baki da tsini a ɗaya gefen, sai ka yi wancan lissafin, sannan ka kasa shi uku ka ɗauki kashi ɗaya. Malam ya rubuta a allo, an kwafa, an haddace, an shiga jarabawa. Kaɗan ne ke tsayawa su tambaya: wai ina aka samo ukun nan? Me ya sa ba biyu ba, tunda a ido mazurari kamar rabin gwangwani yake?

Tambayar ta wuce ta ɗan aji. In ka bi hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma ta Kurfi bayan kaka, siffofin nan biyu za ka yi ta gani: ɗaki zagayayye da jinka a kansa, rumbu, rijiya, tankin ruwa, malfar manomi, tsibin gero a masussuka, da tozon da ake yi wa tiya a kasuwa. Wanda ya manta ukun nan a lissafinsa zai iya ɗauka yana da buhu goma sha ɗaya, alhali huɗu ma bai cika ba. Labarin yadda ɗan'adam ya gano wannan uku, har ya kafa masa hujja, ya doshi shekara dubu huɗu, kuma da hatsi aka faro shi.

Magatakardan Masar da rumbunsu

A gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai wata doguwar takarda da aka yi da ciyawar bakin Kogin Nilu. Wani ɗan Sikotland mai suna Henry Rhind ne ya saye ta a garin Luksor a 1858, shi ya sa ake kiranta da sunansa. Amma wanda ya rubuta ta wani magatakarda ne, Ahmes, wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shi ma da kansa ya faɗa cewa kwafowa ya yi daga wani rubutu da ya girme shi da kusan shekara ɗari uku. Tarin tambayoyin lissafi ne da amsoshinsu, irin waɗanda ake horar da mai koyon aikin magatakarda.

Tambaya ta 41 a kan rumbu take. Rumbu ne zagayayye, faɗinsa kamu 9, tsayinsa kamu 10, hatsi nawa zai ci? Ga yadda Ahmes ya yi. Ya cire kashi ɗaya cikin tara na faɗin, saura 8. Ya ninka 8 sau 8, ya sami 64, filin gindi kenan. Ya ninka da tsayi, ya sami 640. Daga nan ya juya amsar zuwa ma'aunin hatsinsu. To gwada da ƙa'idar da ake koyarwa yau: rabin faɗin 4.5 ne, ka ninka shi da kansa ka sami 20.25, ka ninka da lambar nan ta da'ira da ake rubutawa π, wato kusan 3.14, sannan da 10. Za ka sami kusan 636. Ka ga kuskuren Ahmes bai kai ɗaya cikin ɗari ba.

Ba don nishaɗi suka dage da wannan ba. A Masar ta wancan zamani babu tsabar kuɗi. Da hatsi ake karɓar haraji, da hatsi ake biyan ma'aikata. Magatakardan da ya kuskure abin da ke cikin rumbu, to ya kuskure abincin mutane.

Silinda dai ba ta da wuyar ganewa. Ɗauke ta kamar faya-fayai ne masu girma ɗaya aka jera wani kan wani: ka san filin guda, ka ninka da yawan hawa, shi kenan. Wahalar tana wajen abin da ke tsukewa yana hawa. Amma wannan ma Misirawa sun taɓa shi. A wata takardar da ke ajiye a Mosko, wadda aka rubuta wajen 1850 kafin Miladiyya, tambaya ta 14 ta kawo dala, irin siffar dalar gyaɗar Kano ta dā, amma wadda aka datse wa kai. Gindinta 4 ta kowane gefe, samanta 2, tsayinta 6. Marubucin ya haɗa 16 da 8 da 4, ya sami 28, ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku na tsayin, wato 2, ya ninka, ya sami 56. Amsar daidai take cif, ko yau aka yi abin da za a samu kenan. Ukun yana hannunsu, sai dai takardar ta nuna yadda ake yi ne kawai, ba ta kawo dalili ba.

Girkawa suka ce a kawo hujja

Mutum na farko da tarihi ya ambata da suna a kan wannan magana shi ne Dimokiritus, wani masanin Girka da aka haifa wajen 460 kafin Miladiyya, wanda aka fi sani da ra'ayin cewa komai an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ba sa rabuwa. Arkimidis ne ya ba shi wannan shaida a wani rubutu da ya aika wa abokinsa a Iskandariyya: Dimokiritus ya fara faɗin cewa mazurari kashi ɗaya cikin uku ne na silindar da suke da gindi ɗaya da tsayi ɗaya, amma bai kawo hujja ba. Wanda ya kawo ta Yudoksus ne, bayansa da kaɗan.

Akwai wata tambaya da ta dami Dimokiritus, kuma ya kamata kai ma ka ɗan juya ta. Ka yanka mazurari a kwance da wuƙa mai kaifin gaske. Fuskoki biyun da yankan ya fitar, ta sama da ta ƙasa, girmansu ɗaya ne ko kuwa? In ka ce ba ɗaya ba ne, to jikin mazurari ba sumul yake ba, hawa-hawa ne kamar matakala. In ka ce ɗaya ne, to kowane yanki daidai yake da na kusa da shi, mazurarin ya zama silinda kenan. Kowanne ka ɗauka, akwai ƙura.

Maganin da aka samu shi ne a daina neman cafke amsar kai tsaye, a matse ta daga gefe biyu har ta rasa wajen gudu. Yudoksus ya yi nasa ne da siffofi masu kusurwa da yawa da yake cusawa cikin da'ira, amma za ka iya ganin dabarar da faya-fayai. Ka kife mazurari, tsininsa a sama, ka raba tsayinsa hawa goma. A kowane hawa ka sa faifai mai kauri wanda ya rufe hawan gaba ɗaya. Na can sama faɗinsa kashi 1 cikin 10 na gindi, na biyu kashi 2, har zuwa na ƙasa mai kashi 10. Amma lura: filin da'ira yana tafiya ne da faɗi sau faɗi. Don haka filayen su ne 1, 4, 9, 16, har zuwa 100. Jimlarsu 385. Ita kuwa silinda faifai goma ce, kowanne 100, jimla 1,000. Faya-fayan nan sun ɗan fi mazurarin girma, don sun leƙo waje. In ka sa waɗanda ke ɓuya cikin jikinsa ba su leƙo ba, jimlar 285 ce. Ashe gaskiya tana tsakanin 285 da 385 cikin dubu. Ka ga tun a nan rabi, wato 500, ya fita daga magana.

Mayar da hawan ɗari: gaskiya na tsakanin kusan 328 da 338. Mayar da shi dubu: tsakanin 332.8 da 333.8. Duk yadda ka ƙara hawa, shingen biyu suna ƙara matsowa, kuma lamba ɗaya ce tak ba ta taɓa faɗawa waje: 333 da sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku. Dalilin da ya sa ido ke yaudararka shi ne mazurari yana tsukewa ta kowane gefe a lokaci guda. A rabin tsayinsa faɗin ya koma rabi, amma filin ya koma kwata.

Wajen shekara ta 300 kafin Miladiyya, Yuklid ya tattara wannan hujja a littafinsa na ginshiƙan lissafi da ya rubuta a Iskandariyya. Tana juzu'i na 12, mas'ala ta 10. Shi kuwa Arkimidis, mutumin Sirakus a tsibirin Sisili, ya ƙara gaba ya haɗa da ƙwallo. A yaren gida, abin da ya gano shi ne: ka samo mazurari, da ƙwarya mai cikakkiyar siffar rabin ƙwallo, da gwangwani, dukansu bakinsu ɗaya, zurfinsu ɗaya. In mazurari ya ci mudu ɗaya, ƙwarya za ta ci biyu, gwangwani uku. Abin ya faranta masa rai har ya bar wasiyya a zana ƙwallo cikin silinda a kan kabarinsa. Sojan Rum ya kashe shi a 212 kafin Miladiyya lokacin da aka ci garinsu. A shekara ta 75 kafin Miladiyya, wani jami'in Rum, Sisero, ya nemo kabarin cikin sarƙaƙiya, kuma da wannan zanen ya gane shi. Ko 22 bisa 7 ɗin da ake ba ɗalibai a jarabawa, daga lissafin Arkimidis ta fito: ya nuna cewa π ba ta kai ta ba, amma ta kusa ƙwarai.

Tsibin gero a ƙasar Sin

Can gabas kuma, Sinawa sun bi tasu hanyar. Suna da wani tsohon littafin lissafi mai babi tara, wanda masani Liu Hui ya yi wa sharhi a shekara ta 263 Miladiyya. A babi na biyar akwai tambayar da duk manomin Kurfi zai gane: an tsiba hatsi dangin gero a fili, an auna kewayen gindin tsibin da tsayinsa, nawa ne a ciki? Ƙa'idarsu: ka ninka kewaye da kansa, ka ninka da tsayi, ka raba gida 36. In tsibin a jingine yake da bango, ka auna rabin kewayen da ke fili, ka yi haka, ka raba 18. In a lungu yake inda bango biyu suka haɗu, ka raba 9.

Hikimar a nan ita ce ba za ka iya kutsawa tsakiyar tsibin hatsi ka auna rabin faɗinsa ba, amma za ka iya zagaye shi da igiya. Lambar 36 ɗin kuwa 12 ce sau 3, don sun ɗauki π a matsayin 3. Da ainihin π, rabawar za ta kasance da kusan 37.7. Shi Liu Hui bai tsaya ga ƙa'ida ba. Ya nemi dalili ta hanyar yanka akwati zuwa daloli, ya yi ta yanka ragowar ƙanana-ƙanana har abin da ya saura bai kai a ambata ba.

Daga Bagadaza zuwa Katsina

Littattafan Girkawa sun shigo Larabci a zamanin Abbasiyawa. Al-Hajjaj ɗan Yusuf ɗan Maɗar ya fassara Yuklid a zamanin Haruna Rashid, ya sake gyara fassarar a zamanin Ma'amun. Wajen shekara ta 820, Muhammad ɗan Musa Alkhawarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza, ya ce ya yi shi ne don bukatun mutane: rabon gado, ciniki, awon ƙasa, haƙar magudanan ruwa. A babinsa na awo akwai ƙa'idar kashi ɗaya cikin uku, akwai kuma uku da subu'i, wato 22 bisa 7 ɗin nan. Bayansa da kusan shekara ɗari biyu, Ibnul Haisam a Alƙahira ya lissafa cikin wata siffa mai lanƙwasa da ta fi mazurari wuya, ta hanyar tara lambobi hawa-hawa irin yadda muka yi da faya-fayai.

Daga nan zaren ya bi ta Turai. Cavalieri na Italiya ya wallafa hanyarsa ta yanka abu siriri-siriri a 1635, kafin Newton da Leibniz su mayar da dabarar cikakken fanni. Amma wata tambaya ta saura: shin dole ne sai an bi ta wannan yanka marar iyaka? Ba za a iya yanka dala 'yan gunduwoyi a sake haɗa su su zama akwati ba, kowa ya gani da ido? David Hilbert ya sa wannan ta uku a jerin manyan tambayoyi 23 da ya fitar a 1900. A wannan shekarar ɗalibinsa Max Dehn ya tabbatar cewa akwai dalar da ko yaya ka yanka ta ba za ta haɗu ta zama akwati ba. Don haka in ɗanka ya ce bai ga dalilin ukun nan da ido ba, kada ka ce masa daƙiƙi. Abin ba a fili yake ba.

A ƙasar Hausa, awon ciki ya daɗe a zauren malamai ta ƙofar fiƙihu. Kalmar mudu kanta daga Larabci take. Sa'i mudun Annabi huɗu ne, shi ake fitarwa a zakkar fid da kai. Nisabin zakkar hatsi wusuƙi 5 ne, kowanne sa'i 60. Duk waɗannan ma'aunai ne na abin da mazubi ke ci, ba na nauyi ba. Katsina kuma ta fitar da gwanin hisabi da duniya ta sani, Muhammad ɗan Muhammad Alfulani Alkatsinawi, wanda ya tafi aikin hajji, ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake tsara hatimin lambobi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Yau kuwa, ƙa'idojin nan biyu suna isa ga yaran Dutsin-Ma da Kurfi ta hannun malaman da ake horarwa a wurare irin su Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011.

Abin da ukun ke yi wa aljihunka

Mu koma masussuka. An sheƙe gero an tsiba. Ka zagaya gindin tsibin da igiya ka sami mita 6, tsayinsa rabin mita. Bi hanyar Sinawa: 6 sau 6, 36, sau rabi, 18, raba 36. Rabin kubik mita kenan, kusan lita 500. Kubik mita guda na tsabar hatsi yakan yi nauyin kilo 700 zuwa 800, don haka tsibin bai wuce buhu uku da rabi zuwa huɗu ba, na kilo ɗari-ɗari. Wanda ya lissafa shi kamar silinda zai sami ninki uku, wajen buhu goma sha ɗaya. A kan wannan lissafin zai yanke ranar biki, ya ci bashin taki, ya sayar da abin da ya kamata ya ajiye don bazara. Rumbu kuwa, in zangarniya aka zuba ba tsaba ba, sai ka rage da yawa, don iska ta cinye wuri.

Sai kuma tozo. Tozon tiya mazurari ne, kuma girmansa bai damu da zurfin kwanon ba, faɗin baki kawai ya sani. Hatsi in ya tsibu, tsayinsa yakan kai kusan kwata na faɗin gindinsa, daga nan sai ya gangaro. Ɗauki ma'auni biyu masu siffar gwangwani. Na farko faɗin bakinsa santimita 14, zurfinsa 20. Na biyu faɗinsa 28, zurfinsa 5. In an shafe su, kowanne na cin lita 3.08, babu bambanci ko ƙwaya. Amma a yi musu tozo. Na farko tozonsa kusan kashi ɗaya cikin biyar na lita ne. Na biyu kusan lita ɗaya da rabi. An ninka faɗin baki sau biyu kacal, tozo ya ninku sau takwas. A awo arba'in, bambancin ya kai lita 50. Da gangan aka zaɓi ma'aunai masu nisan bambanci don abin ya fito fili, amma ƙa'idar tana nan ko bambancin baki yatsa ɗaya ne. Mai saye da kwano mai faɗin baki, ya sayar da mai tsukakken baki, ya tauye mudu ba tare da ya taɓa gindin kwano ba. In za ka gwada kwano biyu a kasuwa, gwada su da tozonsu.

Ɗalibi kuma, wurare uku ne ake yawan faɗuwa. Na ɗaya, a ɗauki cikakken faɗi a maimakon rabinsa, amsa ta ninku huɗu. Na biyu, a ɗauki tsawon gangare a maimakon tsayi. Tuna jinka: tsawon sandar da ta kwanta daga tsini zuwa baki daban, tsayin da ke miƙe daga tsini zuwa tsakiyar ɗaki daban. In rabin faɗi mita 3 ne, gangare mita 5, to tsayin da za ka yi aiki da shi mita 4 ne. Na uku, a manta ukun. Silinda mai rabin faɗi santimita 7 da tsayi 30 tana cin 4,620, mazurarinta 1,540.

In akwai yaro a gidanku da wannan darasi ke ba wuya, samo gwangwanin madara da ɗan kwali. Ku naɗe kwalin ya zama mazurari wanda bakinsa ya yi daidai da na gwangwanin, zurfinsa ma haka. Kafin ya fara, tambaye shi sau nawa yake ganin zai juye kafin gwangwanin ya cika. Yawanci biyu za su ce. Ba shi gero ya cika mazurarin, ya shafe, ya juye, ya ƙirga da kansa. Bayan ya juye na uku, sai ku zauna da takarda ku tara 1, 4, 9, 16 har zuwa 100, ya ga dalilin.